Ranar da Malam ya zuba wa bel ɗin injina mai

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Funtua, ina da injin markaɗe a zauren gidanmu. Ni nake tayar da shi da kaina, har matan unguwa na tsokanata wai direba.

Mijina Malam kuwa mutum ne mai imani da baƙin mai. Ƙofa ta yi ƙara, mai. Keke ya yi ƙara, mai. Ni kaina da zan yi ƙara da ya ɗiga min.

To rannan ana sunan jikar maƙwabciyata, wata Hajiya da ba ta ɗaukar wasa. Tun safe ta aiko da bokitan jiƙaƙƙen wake na alalen 'yan suna. Na tayar da inji, sai bel ɗin ya fara wani kuka ƙiii. Na kashe, na shiga ciki ɗauko ruwa. Kafin in fito Malam ya yi aikin nasa, yana tsaye da gwangwani yana murmushi.

"Na gyara miki," in ji shi.

Na tayar. Kukan kam ya tafi. Inji na ruri, bel na zamewa sulul a kan ƙarfen da yake juyawa, bakin markaɗen ko motsi. Innalillahi! Rana na ɗagawa, wake kuma in ya yi tsami shi ke nan, ba alale, ba ni ba haɗa ido da Hajiya.

Ai kuwa sai ga ta da mayafi a kafaɗa. "Yarinya, baƙi sun fara zuwa. Ina ƙulluna?"

Na ce, "Hajiya, ki yi min haƙuri kaɗan."

Sai na tuna mahaifina, wanda ya yi aiki a ma'aikatar gurzar auduga, yana cewa bel da birki ba sa shiri da santsi, kamu suke so. Na cire bel ɗin, na wanke shi da ruwan zafi da sabulun gari. Ƙarfen na dirje shi da toka. Cikin bel ɗin kuma na goge da yashi har ya yi kaushi. Na sa Malam ya ja injin baya ya tokare da katako don bel ya ɗaure tamau.

Na ce bismillah na ja igiya. Bel ya cafke, ƙullu ya fara zubowa fari tas. Matan da suka taru suka rangaɗa guɗa! Hajiya ta taɓa ƙullun da yatsa ta ce, "Ke, ashe makanikiya muke da ita a unguwa."

Har yau in na tuna sai in ji daɗi ya cika min zuciya. Na gane akwai wurin da ake neman santsi, akwai wurin da sai da kaushi aiki ke tafiya. Da yamma Hajiya ta aiko da alale kwano guda, ta ce nawa ne ni kaɗai, kada in sam wa Malam.