Warin Khal a Ɗakin Ajiya

Har gobe ban manta da safiyar Lahadin da Baba Isiyaka ya tsaya a ƙofar ɗakin ajiyarmu yana yatsina fuska ba.

Lokacin korona ne, ina mataimakin jami'in adana a wani ɗakin karatu a Doha. Muna da haɗin gwiwa da wasu ɗakunan karatu: su aiko mana da maikrofim, wato siririn fim mai ɗauke da hotunan tsofaffin takardu, mu kwafe a kwamfuta mu mayar musu. Wani akwati ya iso da gwangwanaye biyar, kowanne da naɗin fim na rubuce-rubucen ajami na malaman Salaga ta ƙasar Ghana. Asalin takardun gara ta cinye tuni, fim ɗin kaɗai ya rage.

Ƙa'ida ita ce a buɗe kowane gwangwani a sansana, domin fim idan ya fara lalacewa warin khal yake yi, wato ruwan tsamin nan na binega, kuma yana shafar na kusa da shi. To ni cutar ta kama ni, na warke, amma ta tafi da hancina. Ko turaren wuta ba na ji. Na ɓoye, don kada shugabar sashenmu ta miƙa wa wani aikin. Na buɗe gwangwanayen, na kai hanci kamar gaske, na sa hannu cewa lafiya lau.

Mako uku hankalina bai kwanta ba. In shiga ɗakin, in fito, in sake komawa. A gida, can unguwar Old Airport, matata ta ce sai safa da marwa nake kamar mai jiran haihuwa.

Baba Isiyaka direbanmu ne, dattijo ɗan Zangon Kumasi. Ya zo ɗaukar kaya, ta cikin takunkuminsa ya ce, "Malam, wa ya zub da khal nan? Ɗakin shina wari."

Nan take na je na gaya wa shugabar gaskiya. Ta ce, "Yalla, maza a ware su yanzu." Mun ceto naɗi huɗu. Na biyar ya riga ya ƙanƙance ya manne, shafi goma sha ɗaya na ƙarshensa ba su karantu ba.

Ni na rubuta wa masu fim ɗin wasiƙar bayani, da sunana a ƙasa.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku sani abin da ake damƙa mana sau da yawa ba shi da na biyu. Idan abu ya gagare ka, faɗa a ranar. Kunyar minti ɗaya na guje wa, ta ci shafi goma sha ɗaya da ba wanda zai sake karantawa.