Na Ƙoshi, Inna

Shekarar da na haifi ɗana na fari, mijina ba ya gida. An kwashe shi tare da samarin ƙauyenmu zuwa aikin hanya na Nasara, can wajen Dogon Dutsi, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsu. Na yi wankan jego a gidan iyayena kamar yadda ake wa mai haihuwar fari. Na sha kunun kanwa har ya gundure ni, na ci gasasshen nama da yaji, na yi ɓulɓul, yaron ma haka. Da aka yi arba'in aka mai da ni gidan surukaina kusa da Dumega, ana tsakiyar noma. Daga nan ni da abinci muka fara gaisawa daga nesa.

Kada wani ya ce yunwa aka yi. Rumbu ya yi ƙasa kamar kowace damina, amma ba a taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Kada kuma a ce surukata muguwa ce. Doguwar mace ce marar yawan magana, da hannunta take kwashe mini tuwo, kuma ba ta rage mini hannu. Abin da ya hana ni ci tarbiyya ce, wadda aka ɗura mini tun kafin in san hagu da dama. Matar ɗa ba ta kai loma baka a gaban surukai. Sai kowa ya gama, ta shige ɗaki, ta juya wa ƙofa baya. Ba ta side akushi, dole ta bar saura, saura mai auki, don kada a ce daga gidan yunwa aka ɗauko ta. Ga kuma bakin matan rijiya, da na taɓa ji suna yi da wata: wai mijinta na can yana fasa dutse, ita tana nan tana ajiye kumatu. Ni ban so a yi da ni.

Sai gajiya ta zo ta ƙarasa sauran. Kafin rana ta fito ina kan turmi. Daga turmi sai rijiya, daga rijiya sai damu, a ɗauki fura a kai wa maza gona, a dawo da itace, a yi surfe, a hau dutsen niƙa, a tuƙa tuwo, duk da yaro a baya. In na zauna a ƙarshe, hannun da zai kai loma baka shi ma so yake a bar shi ya huta. In yi loma kaɗan, in rufe akushi, in fito da shi. Surukata ta buɗe ta duba.

“Ɗiyata, wanga shi na cin naki?”

“Na ƙoshi, Inna.”

Ta rufe, ta ba yara. Haka kullum.

Yaron ne ya fara tona mini asiri. Ya kama nono ya ja, ya ja, ya saki ya tsala kuka, ya sake kamawa. Cinyoyinsa da suka yi maƙil a gidanmu suka fara yin laushi. Ina gani, raina na ƙuna, amma ba ni da bakin magana, domin ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi kuka ina daka, sai in jira wata ta ce, “Ke, ba shi ya sha,” sannan in ajiye taɓarya kamar an matsa mini. Ciki kuwa kamar in yi tsalle in ɗauke shi.

Ana haka wani ma'aikacin likita ya zo garinmu a kan doki, yin lamba saboda agana. Baƙar fata ne kamarmu, ana ce masa majo. Aka tara mata da yara a gindin gawo. Da layi ya zo kaina ya ɗaga hannun yaron, ya matsa fatar, ya dube ni.

“Mi kika ci?”

Matan gari na tsaye a bayana, kunnuwa a buɗe. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni na ɓoye nawa. Na ce ina cin abin da kowa ke ci.

Da ya ji na taɓa zama lakwal, don ina cikin ’yan matan da aka kama aka kai makarantar Nasara kafin a cire ni a yi mini aure, sai ya ce to, tunda na san riƙon alli, in riƙa sa alama ga duk abin da ya shiga cikina, safe da rana da dare. In ya biyo ta nan a kan hanyarsa ta komawa, zai duba ya gaya mini inda gyara yake. Ya lissafa mini abin da mai shayarwa ke so: nono, wake, ganye, nama in an samu, har da ƙwai. Da ya ce ƙwai mata suka kwashe da dariya, wata tsohuwa ta ce so yake a haifa wa gari ɓarayi.

Ba ni da takarda, ba ni da alli. Gawayi na samu, da bangon ɗakina, a bayan jeren ƙoraina inda ido ba ya kaiwa. Karatun lakwal ya riga ya zube, sai na yi nawa tsarin. Dogon layi tuwo ne. Zagaye fura ce. Ɗigo kunu. In na ci wake ko kwaɗon tafasa sai in yi gicciye, nono kuma in shafa yatsa. Kowace rana da sahunta.

Da farko har daɗi abin ya yi mini, don a gidan nan kaf shi kaɗai ne aikin da ba wanda ya sa ni gaba a kansa. Na zama alƙalin kaina, kuma alƙali mai sassauci. In na ɗanɗana miya don jin gishiri, sai in tsaya ina shawara ko wannan ya isa gicciye. In na lashe muciya, in ce ai tuwo tuwo ne, in ja layi. Bangon ya yi kyau na ɗan lokaci, yaro kuwa bai daina kuka ba. Sai na ji haushin kaina, na ce wa kaina, ke, wa kike wa wayo? Daga ranar na fara jan layi daidai tsawon cin da na yi. Loma kaɗan, guntun layi. Rabin ludayi, rabin zagaye.

To, nan bango ya daina yi mini kara. In na janye ƙorai na duba, sai in ga guntaye kamar sawun kaza, ɗigo nan, rabin zagaye can. Gicciye sai an nema. Shafin nono babu ko ɗaya, alhali Bafulatana na shigowa gidanmu kusan kullum, ni nake auna mata gero ta zuba mana nono, ni nake dama furar, maza su sha. Ido ba mudu ba, ya san kima. Ba sai majo ya zo ba, na san hukuncin. Majo ma bai zo ba. Wasu sun ce ta wata hanya ya koma, wasu sun ce an yi masa canji. Na daɗe ina ɗaga kai in na ji takun doki, daga baya na gaji na bari.

Kowace safiya sai in ƙudura cewa yau zan cinye, in side, duniya ta faɗi abin da za ta faɗa. Da yamma sai in ji muryar surukata a tsakar gida, in tuna za ta buɗe akushi, hannuna ya mutu. Sanin ciwo daban, shan magani daban.

Surukata ita ma ta ga jikanta na ramewa, kuma ita ba kunya a tsakaninsu, kuka take yi a fili. Ta kira ungozoma ta gwada nonona. Aka matsa kaɗan a ludayi, da ƙyar ya rufe gindinsa, aka jefa tururuwa a ciki. Tururuwa ta yi iyo ta fita abinta. Ungozoma ta ce nono lafiyayye ne, ƙaranci kawai ya yi, watakila aljana doguwa ce ke rigan yaro sha. Aka nemo jar kaza aka yanka wa doguwa. Ni na fige ta, ni na dafa ta, waɗanda suka yi aikin suka cinye. Ranar ma guntun layi na ja.

Wata rana da hantsi surukata ta shigo ɗakina neman babbar ƙwarya. Ta ɗaga jeren, ta ga bango baƙi da zane. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa tana bin sahu-sahu. Da ta juyo idonta ya cika da hawaye.

“Ashe kwanakin tahiyatai kika ƙirga, ɗiyata? Allah shi maido muna shi lahiya.”

Ta ɗauka kwanakin ɗanta nake lissafawa. Ga ƙofa a buɗe, magana ɗaya ce ta rage: Inna, abincina ne, yunwa nake ji. Na san da na faɗa, da ta zauna a kaina sai na cinye akushi biyu. Amma yaya matar ɗa za ta dubi uwar mijinta ta ce ba ɗanki nake ƙirgawa ba, tuwonki nake ƙirgawa? Na sunkuyar da kai na ce amin. Har yau in na tuna ina jin haushi, kuma ban san wa zan ji wa ba.

Ba a daɗe ba aka yanke shawara. A gidan akwai facalata, matar wan mijina, mace mai jiki da fara'a, tana goyon ’yarta da ta girmi nawa da ’yan watanni, nono har zuba yake mata. Surukata ta ce a ba ta yaron ta haɗa su, kafin nawa ya dawo. Ba a tambaye ni ba, don ba a tambayar uwar ɗan fari. Na kwance shi daga bayana na miƙa, na koma kan turmi. Ina daka ina jin kukansa ya tsaya cak. Na gode wa Allah, kuma na ji kamar an zare mini wani abu daga ƙirji.

Facalar nan ce ta gano ni. Ta tarar da ni a bayan rumbu na jingina, jiri na ɗibata. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke, ƙanwata, ba doguwa ba ta, yunwa ta. Ni ma na yi wagga wauta hal nis san ciwon kaina. Kunya ba ta cika ciki. Jira ni nan.”

Ta dawo da dafaffen wake a ƙoƙo, da nono a ɓoye cikin zane. Ta tsaya ta tare hanya da jikinta, na ci kamar ɓarauniya. Daga ranar bayan rumbu ya zama wurin cin abincina. Ta koya mini in riƙa matse nonon safe da yamma don kada ya ƙafe gaba ɗaya. Kaka ta matso, sabon wake ya nuna, aka fara gasa tumu. Bangona ya canza kama: dogayen layuka, cikakkun zagaye, gicciye a kowane sahu, shafin yatsa har ya haɗe da juna. In tsaya in duba in ce, to, yau kam mai shayarwa ta ci abin da ya kamata. Sai dai ba wanda nake shayarwa.

Ina ganinsa kullum a tsakar gida, a cinyar facalata, shi a ɗaya ’yarta a ɗaya. Ya murmure, cinyoyi sun dawo, har ya fara dariya. In na wuce da tulu sai in saci kallo ta wutsiyar ido. Na ƙosa, amma na ce bari nono ya cika sosai, kada in ɗauko shi in sake sa shi kuka.

Ranar da na tashi na ga gaban zanena ya jiƙe, ƙirjina ya yi nauyi har yana zafi, ban iya jira ba. Da aka dawo daga gona, mata na zaune a inuwa ana fisgar wake, facalata ta lura da zanen. Ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta ɗauko shi ta ɗora mini a cinya.

“Amshi kayanki, na gaji da ɗan banzan ci.”

Aka yi dariya. Na juya gefe, na ba shi. Ya shinshina, ya ɗaga ido ya dube ni kamar baƙuwa, ya kau da kai. Na sake gwadawa. Ya banƙare, ya tsala ihu, yana miƙa hannu wajen facalata. Nono na ɗiga a kumatunsa, shi yana ture ni. Facalata ta ce in shiga ɗaki da shi, yunwa za ta sa ya kama. Na shiga. Na gwada ranar, na gwada washegari, na gwada har aka gama yankan gero. Ko sau ɗaya bai kama ba. In ya gaji da kuka sai in fito in miƙa mata shi, don ba zan iya horar da shi da yunwa ba, na san ɗanɗanonta.

Ranar da na bari, a gaban mata na miƙa shi. Fuskata a bushe, na ɗauki tulu na nufi ƙofa. Ina zaure na ji surukata na gaya wa maƙwabciyarmu, da alfahari a muryarta:

“Kin gani? Ko waiwaye ba ta yi ba. Ni dai ban taɓa ganin ɗiya mai kunya irin wagga ba.”