Ranar da Aka Shayar da Motarmu Ruwa a Hanyar Mokwa

Ana idar da sallar asuba muka fice daga Minna, ni da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu, a cikin tsohuwar bas ɗin da muka mayar ɗaki. Ga wanda bai san ni ba, koyon gyara nake a wani gareji a Bosso, gyaran motocin nan masu ɗaki a ciki, irin na asibitin tafi-da-gidanka da waɗanda ma'aikatan titi ke kwana a ciki. Inji, wayarin, tankin ruwa, firji, sola, duk aikinmu ne. Oganmu ya samu kwangilar bin irin waɗannan motoci daga Bida har Jebba, ya ce ɗan koyon da bai biyo shi ba kada ya yi mafarkin yaye. Ni kuwa aikin da na sha baƙar wuya a kansa ba zan sake shi ba, 'ya'yana ma ba zan bar su ba.

Surukata ce ta so ta hana. A ganinta macen da ke kwanciya a ƙarƙashin mota ta riga ta zubar da mutuncin gida, balle ta ja yara zuwa bakin titi. Da ƙyar ta yarda, saboda hutun makaranta ne, amma da sharaɗi: ranar da wata matsala ta same mu a hanya, za ta aiko a ɗauke yaran, kuma ba za su dawo hannuna ba sai na ajiye sifana. Na durƙusa na ce to. A raina kuwa cewa na yi sai dai a ɗauke mu tare.

Muna wuce Gidan Kwano hanya ta fara nuna halinta. Damina ce, tireloli sun cinye kwalta, ramuka cike da ruwa ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Maigidana tela ne, ya ɗaure keken ɗinkinsa a bayan kujera, duk ramin da muka shiga sai ya waiwaya ya duba keken kafin ya duba mu. Na ce masa ai da ya faɗa min tun farko wace ce uwargida.

A Bida muka daɗe. Da safe in tafi wurin Oga, shi kuma ya fito da keke gindin mangwaro yana yi wa direbobi facin wando, yaran suna gefensa suna karatu. Ƙuli-ƙulin Bida ya ci sunansa, shinkafa da rake araha, amma tumatir sai ka ce gwal ake auna maka. Zaman mota ba daɗi ne zalla ba, kada wani ya ruɗe ku. Sauro ya ci rabonsa, wanki ba ya bushewa, in mutum ɗaya ya juya a katifa kowa ya farka. Sai dai kullum na dawo da baƙin mai a hannu, 'ya'yana nake tararwa, ba muryarsu a waya ba.

Da aiki ya koma Mokwa, Oga ya yi gaba, muka biyo shi a hankali. Bayan Kutigi ruwa ya tsare mu, muka ratse wani ƙauye na Nufawa muka roƙi wurin tsayawa. Mutanen kirki, wallahi. Suka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, mai unguwa ya ce mu kafa motar a ƙofar gidansa. Al'adarsu ce baƙo ba ya ɗiban ruwa da kansa, kuma ba a tambayarsa ko yana so. Mata ne ke sammako su cika masa randa kafin ya buɗe ido. Sun ga mun ɗura ruwa ta gefen mota da yamma, suka gane nan ce randarmu.

Gari na wayewa matar mai unguwa ta zo tana murmushi, ta ce sun cika mana tanki. Na yi godiya, na shiga na murɗa famfo, ko ɗigo. Murfi biyu ne a gefen motar, na ruwa yana da kwaɗo, na dizal babu. Na leƙo na ga ƙasa jiƙe sharkaf a ƙarƙashin na dizal, maigidana kuwa ya riga ya zura makulli zai ɗumama inji. Ban san lokacin da na fizge makullin daga hannunsa ba. Da ya tayar, da ruwan ya bi ta cikin inji, da tafiyar ta ƙare a nan.

Ana cikin haka surukata ta kira, kamar yadda ta saba kowace safiya. Ƙaramar ce ta ɗauka, ta kuwa sheƙa mata labari da murna, wai motarmu ta sha ruwa ta ƙoshi. Aka miƙo min waya. Surukata ta ce ai ta faɗa, yanzu za ta sa a ɗauko mota daga Minna a kwaso mata jikokinta.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, kada ki wahalar da kowa. Wanda ya zo ba zai same mu a nan ba."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Amma raina ya ɓaci, kuma ban janye ba.

Mazan gari suka taru, kowa da shawara, yawancinsu suka ce a jira bakanike daga Mokwa. Maigidana ya ce musu bakaniken yana nan, ga ta tana ɗaura kallabi. Na shimfiɗa kwali zan shiga ƙarƙashi, sai ga samari sun yi layi za su sha kallo. Matar mai unguwa, wadda tun ɗazu kunya ta hana ta ɗaga kai, ta yi wa matan magana, suka kawo zannuwa suka riƙe, suka kewaye ni kamar katanga. Ba zan manta da wannan ba.

Ruwa ya fi dizal nauyi, ƙasa yake kwanciya. Na kwance notin gindin tanki, ruwa ya dinga zuba, matan suna turo roba suna janyewa, har launi ya sauya. Na juye sauran a jarkoki ya kwanta, na tace da ƙyalle, na sauya filta, na bi bututu na busa. Dizal ya bi min hannu har hammata, ya shiga gashina. Babbar 'yata ce ke miƙo sifana, ba ta yi kuskuren lamba ko sau ɗaya ba. Wajen azahar maigidana ya murɗa makulli, injin ya yi tari, ya yi tari, sannan ya kama. Matan suka rangaɗa guɗa. Na rungumi matar mai unguwa da baƙin hannuna, na ce ruwanta ba laifi ba ne, alheri ne ya ɓata hanya. Kafin mu tashi sai da suka cika mana ainihin tankin ruwan.

Da muka isa Mokwa, Oga bai yaba min ba, ba halinsa ba ne. Ya saurari labarin, ya sunsuni filtar da na cire, ya ce in je in duba firjin motar asibiti ni kaɗai. A Jebba muka ƙarasa aikin, muka ci busasshen kifi har yaran suka ce ya ishe su, sannan muka juyo.

Da muka dawo Minna, gidan surukata a Tagwai muka fara sauka. Ta jawo yaran ɗaya bayan ɗaya, ta matsa damtsensu, ta buɗe idonsu, ta duba tafin ƙafa. Ba ta samu komai ba sai baƙin da suka yi. Sannan ta ce nan gaba in za mu tafi mu bar mata su.

Na durƙusa kamar yadda na saba, na ce, "Inna, inda na kwana nan za su kwana."

Ba ta sa min albarka ba, har yau ina jira, kuma abin yana damuna. Abin da hanya ta koya min shi ne ba kowa zai yarda da kai ba ko da ka yi daidai, kuma in ka tsaya jiran yardarsa a nan za ka tsufa. Da yamma na kama hannun 'ya'yana muka shiga mota muka tafi gida, babu wanda ya tare ƙofa.