Filogin ya kira mana gayya

Jama'a, yau na ga ikon Allah a gonar Baba!

Kun san shafina na intanet da nake rubutu kan noma. Shekaranjiya na saka masa filogin, ɗan abin nan da ke jera rubutun da aka fi karantawa a saman shafi. Sai ya ɗago wani tsohon rubutuna kan yadda gayya ta mutu a garinmu. Ashe 'yan garinmu mazauna birni ne ke ta karanta shi! Da na ga haka na ƙara layi ɗaya a ƙasa: Baba na kwance, gyaɗarsa ta isa cira.

Yau da safe sai ga bas daga Kano. Samarinmu ne cike, da fartanyu! Abokina Sabi'u ya leƙo ya ce, "Malam marubuci, ina gonar?"

Baba ya dafa bango ya fito, sai hawaye.

Inna kuwa ta harare ni ta ce, "Ka iya kiran gayya, ba ka iya cewa a ɗora tukunya ba? Maza ɗauko gero!"