Ƙarfe Takwas a Tagar Babbar Kotu

A danginmu babu mai kiran ɗan baffanmu da sunan yanka, Ƙarfe Takwas kowa ke ce masa. Shekara goma sha tara ya yi yana gadin ƙofar wata masaƙa. Takwas na cika zai ja ƙyaure ya danna kwaɗo, ko ƙuda ne ya makara a waje zai yini. An ce ranar aurensa ma kaɗan ya rage ya rufe wa amarya ƙofa.

Sau ɗaya tak ya karya dokarsa. Wata mai ɗinki cikin ma'aikatan masaƙar ta iso takwas da minti goma, daga asibiti take wajen ɗanta, idanu jajur. Ya dubi agogo, ya dube ta, ya buɗe. Bai rubuta a littafin ƙofa ba, don kada a ba ta takardar gargaɗi. A ranar kuwa bandir biyu na yadi suka yi ƙafa. Manaja ya ce an ga ƙofa a buɗe bayan lokaci, aka sallame shi da sunan ɓarawo.

A kotun ma'aikata ya ƙi faɗin wadda ya buɗe wa, ya sha kaye warwas. Sakataren ƙungiyar ma'aikata ya ce masa, "Kwana talatin gare ka ka roƙi babbar kotu ta sake duba hukuncin. Kai takardunka yau, shaida ta biyo baya."

"Ba na kai rabin aiki," in ji gogan. Shi sai mai ɗinki ta rubuta gaskiya ta sa hannu, ya haɗa ya kai, a wanke sunansa.

Ya yi ta sintiri gidanta har takalminsa ya buɗe baki ya fara gaishe da mutane. Kullum amsarta ɗaya: "Baba, in na sa hannu ni ma waje za su yi da ni." Sai ranar ta talatin, ƙarfe uku da rabi, ta sa hannu tana hawaye.

Shi da matarsa suka isa kotu suna haki, huɗu da minti uku. Akawu ya riga ya ja tagar karɓar takardu.

"Ɗana, ka dubi Allah," in ji matar. "Minti uku ne fa."

"Mama, huɗu ta wuce."

Ƙarfe Takwas ya ɗaga hannu ya dubi agogonsa, ya daɗe yana kallo. "Ƙyale shi," ya ce. "Agogonsa daidai yake."

Yanzu a ƙofar gida yake yini, takardar na ninke a aljihun gaba. Rannan aka tsokane shi, wai ko za a sayo masa kwaɗo ya riƙa rufe layin. Bai yi dariya ba.

"Mutum nawa na bari a waje," ya ce, "ban taɓa tambayar ko ɗaya abin da ya tsare shi ba."