Sifirin Goma Sha Shida na Yaya Habu

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Habu, bakanike a garin Azare, kuma har yau in an zo maganarsa sai a ce ganganci ne ya kashe shi. Na gaji da jin wannan. Yau zan faɗi yadda aka yi, wanda abin ya yi wa zafi ya sha ruwa.

Nura, ɗan wani Alhaji a unguwarmu, shi ya kawo masa mota yana so ta fi ta kowa kuka a wasan motar bikin abokinsa. Yaya ya sa mata kamshaf mai dogon ƙulli, wato sandar da ke danna bawul ya buɗe sosai inji ya sha iska. A tsakar gida ya yi mini bayani ina wanke-wanke. Ya ce kamshaf shi ke tura bawul, sifirin kuma, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya miƙe, shi ke maido da shi. In ka ƙara wa mai turawa ƙarfi ka bar tsohon sifirin, da an taka totur bawul ba zai koma a kan lokaci ba, sai fistin ya tarar da shi a hanya.

Ya riga ya aika a kawo sifirin masu tauri daga Kano ta hannun Oga Chidi mai kayan gyara. Biki Asabar, kaya sai Litinin. Nura ya tsaya a ƙofar gidanmu, da kunnena na ji shi: "Malam Habu, in ba ka iya ba ka faɗa mini, gareji ba naka kaɗai ba ne a garin nan."

Sai Yaya ya mayar da tsofaffin. Ranar Juma'a Nura ya ce a gwada masa ita a hanyar Chinade, ya tsaya a inuwa yana kallo. Yaya ya shiga ya ja ta. Inji ya sarƙe tana tsakiyar gudu, mota ta wuntsila da shi.

Ban wanke Yaya ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ya fi kowa sanin abin da zai faru, amma gorin yaro ɗaya ya fi ƙarfin iliminsa. Allah Ya jiƙan ka Yaya, wauta dai ka yi ta.

Da zai leƙo yau, zai ga Nura ya yi tumbi, an fara ce masa Alhaji, yana sahun gaba a masallaci. In an tuna Yaya sai ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, hannunsa bai gama faɗawa ba." Mutumin da bai san bambancin bawul da murfin tukunya ba!

Ranar sadakar uku Oga Chidi ya zo gaisuwa da ƙaramin kwali, ya ajiye gaban Inna yana hawaye. Sifirin ne, guda goma sha shida, da maiƙonsu. Su ne shaidar cewa yayana ya iya aikinsa. Ni na ɓoye su.

Duk shekara Nura yana aiko wa Inna da buhun shinkafa. Duk shekara ina mayar masa, da sifirin ɗaya ɗaure a bakin buhun. Inna ta ce in ji tsoron Allah. Ina ji. An ce mini Nura ya daina kwance buhun da kansa, matarsa yake sawa.

Na bana ya tafi jiya. Saura tara, Nura.