Almakashin Likita

Shekara tara Mai Ɗinki ta yi tana ɗinka wa jariran unguwa riguna, ba ta taɓa ɗinka wa nata ba. Tun daga wankin cikin da aka yi mata bayan ɓari, tabo ya manne bangon mahaifarta, ciki ya ƙi shiga.

A asibiti likita ta zura siririyar na'ura mai kyamara, ta tsinke mannewar da ɗan almakashin da bakinsa bai fi ƙwayar shinkafa ba. Da aka nuna mata hoton aikin, Mai Ɗinki ta ƙura ido, ta kasa ƙiftawa. Haka ita ma take farke ɗinkin da ya karkace, zare bayan zare, ba tare da ta yaga yadi ba.

"Likita, ashe ke ma tela ce!"

"Tela ce, Yaya, sai dai ko maɓalli ban iya sawa ba."

Bayan shekara ɗaya da rabi ta haifi 'ya mace. Ita da ta saba yanka rigar jariri da ido kawai, sai da ta auna wannan jaririya sau uku, bakinta na tasbihi.